Tela Ya Buɗe Baki

A layin masu sana'ar hannu da ke bayan tashar mota, ba wanda ya kai Tela surutu, ba kuma wanda ya kai shi alfahari da 'ya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu, teburin yanka da dogon madubi mai tsaga a kusurwa, amma duk wanda ya shigo awo sai ya fita da labarin Auta, ko ya so ko bai so ba. Auta ce ƙaramar 'yarsa. Ta gama karatun likitan haƙori, yanzu tana bincike a jami'a. Tela bai san takamaiman abin da ake bincikawa a jikin haƙori ba, sai dai hakan bai taɓa hana shi yi wa mutane bayani ba.

Wata safiya Auta ta zo shagon da jaka a kafaɗa. Ta tarar da shi yana ƙarasa wuyan wata riga. Ya ja zaren zuwa baki, ya datse shi da haƙori, ya tofar da guntun.

"Baba, ina almakashinka?" ta tambaye shi bayan ta gaishe shi.

"Ga shi nan a gabanki."

"To me ya hana ka yanka da shi?"

"Kafin in miƙa hannu in ɗauko ai na gama. Haƙori ya fi kusa."

Ta yi dariya ta ce abin da ya kawo ta ke nan. Bincikenta a kan mutanen da suka mayar da haƙori hannu na uku ne: tela da zarensa, kafinta da yake jera ƙusoshi a baki, mai gyaran wuta da yake fere waya, mai lemo da yake ɓalle murfin kwalba. Tana so ta ga abin da shekaru suke yi wa haƙoran irin waɗannan mutane, ta kuma ji daga bakinsu dalilin da ya sa ba sa zuwa asibiti sai kunci ya kumbura. Matsalarta ɗaya ce. Duk layin da ta shiga da farar riga, sai maza su tuna suna da aiki a wani wuri.

"Wannan ne kawai?" in ji Tela. "Bar ni da su."

Kafin azahar ya zagaye layin kaf. Wanda ya ce ba shi da lokaci, Tela ya tuna masa rigar da ya ɗinka masa cikin gaggawa ranar da ya matsu. Wanda ya ce haƙoransa lafiya lau, Tela ya ce to ai sai ya zo ya nuna wa duniya. Washegari ya ture keke ɗaya gefe, ya ajiye kujera a gindin taga inda haske yake shigowa, ya shimfiɗa sabon farin yadi a kan teburin yanka domin Auta ta jera kayanta: ɗan madubi mai doguwar mariƙa, safar hannu, auduga da ƙaramar tocila.

Kafinta ne ya fara zama. Ƙato ne wanda yake saɓa ƙyauren ƙofa shi kaɗai, amma da ya ga madubin nan ya doso bakinsa sai ya damƙe hannun kujera har ta yi ƙara.

"'Yata, ba dai cirewa za ki yi ba?"

"Kallo kawai zan yi, Kawu."

"Dubi ƙato," in ji Tela daga bayansa. "Ka raini zarto da guduma, ka zo kana rawar jiki gaban madubin da bai kai cokalin shayi ba. Buɗe baki, malam, ba kuɗinka za a ƙirga ba."

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Auta tana dubawa, tana ɗaukar hoto, tana tambaya a hankali, Tela yana tsaye yana sharhi. Mai gyaran wuta ya zo, aka ga haƙoransa na gaba sun zaizaye kamar bakin tsohuwar wuƙa. Mai lemo ya zo da fasasshen haƙori yana rantsuwa cewa ba kwalba ba ce, faɗuwa ya yi. Shagon ya koma wurin hira, har masu wucewa suna leƙowa.

Ran nan Kafinta, wanda ya riga ya warke daga tsoronsa, ya dubi Tela ya ce, "Wai kai yaushe za ka zauna ne? Ko tela ba ya cikin masu cizon zare?"

"Ni ai na gida ne," in ji Tela. "Baƙo ake fara sallama."

Ya faɗi haka yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Domin gaskiyar magana, akwai wani matauni can ciki ta hagu da ya daɗe yana ba shi wahala. Da fari ruwan sanyi ne kawai yake taɓa shi. Daga baya harshensa ya gano rami, ramin kuma ya yi ta faɗi. Watanni ke nan yana tauna da ɓangaren dama, in zai sha shayi sai ya karkata kai kamar kaza tana kallon sama.

Ba allura yake tsoro ba. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana soke yatsa ba zai gudu don allura ba. Abin da yake damunsa daban ne. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, Auta takan kwantar masa da hankali da labari guda: yadda tana ƙarama babanta yake ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno kowace safiya, ya matsa mata man goge baki a burushi, ya tsaya a kanta har sai ta goge ciki da waje, sannan ya ce ta yi masa murmushi ya duba. "Shi ya sa na zama likitan haƙori," takan ce. Duk lokacin da Tela ya ji wannan, sai ya ji daɗi ya cika shi, sai kuma harshensa ya koma kan ramin nan. Ta yaya mutumin cikin labarin zai buɗe baki 'yarsa ta haska tocila ta ga kogo?

A gida matarsa ba ta bar shi ya ci gaba da wasan ba. Suna cin abincin rana ta zuba masa ido yana juya loma zuwa dama.

"Malam, har yaushe za ka yi ta cin abinci da rabin baki?"

"Wane rabin baki?"

"Ni fa nake yanka maka nama ƙanana kamar na mai koyon tauna. Ka ɗauka wuƙar ce take so? Ga likita ka haifa, ka ɗinka mata farar riga da hannunka. Ka zauna ta duba ka mana."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kunya ce. To ka sani, haƙori bai san kunya ba, ci gaba zai yi da abin da yake yi."

Tela kuwa a ransa ya riga ya ƙulla dabara. Zai je wani asibiti can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi, a gyara ramin a rufe, sannan ya dawo ya zauna wa Auta da baki tsaf.

Akwai kuma wata magana da matar take yawan tayar masa, ta wani saurayi da yake neman Auta. Dogo suke ce masa a gidan, saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shago. Yaro ne mai ladabi, yakan zo ƙarshen mako ya gaishe da Tela, ya zauna a bakin benci yana murza yatsu. Tela, mai hira da kowa har da ɓatattun matafiya, in Dogo ya zo sai maganarsa ta ƙare a "lafiya" da "madalla". An ce masa shi ma likita ne, bai tambayi na mene ne ba, bai tambayi inda yake aiki ba. Laifin da yake iya faɗa guda ɗaya ne: wandon yaron bai taɓa kaiwa idon sawu ba. "Mutumin da bai iya zaɓen tela ba," yakan ce wa matarsa, "ta yaya zan amince da sauran zaɓensa?" Ita kuwa takan ce ai ya zaɓi Auta. Laifin da ba ya faɗa shi ne, duk wanda ya auri Auta zai ɗauke ta daga gidan.

Ranar da ya shirya, ya ce wa mutanen layi zai je sayen zare. Ya hau mota, ya sauka, ya sake hawa wata, har ya kai unguwar da bai taɓa ɗinka wa kowa ko hula ba. Asibitin yana saman wani kantin magani. Ɗakin jira ƙarami ne, da kujerun roba da hoton wani ƙaton haƙori yana murmushi a bango. Wata ma'aikaciya ta shigar da shi ciki, ta kwantar da shi a doguwar kujera mai lanƙwasa, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta ce likita yana zuwa.

Likita ya shigo da takunkumi a fuska da hula a kai, idanu kawai ake gani. Ya yi sallama, ya kai hannu zai jawo fitila, sai ya tsaya cak. Tela da yake kwance bai ga fuska ba, amma idonsa ya sauka ƙasa, inda farar riga ta ƙare. Wando ne ruwan toka, ya tsaya sama da idon sawu, safa a waje.

An gudu ba a tsira ba.

"Baba?" in ji muryar daga bayan takunkumi. "Ina wuni, Baba. Lafiya dai?"

Tela ya yi tunanin ya tashi ya ce ɓatan hanya ya yi. Amma mutumin da aka ɗaura wa ƙyalle a wuya, ƙafafunsa suna sama, ba ya iya cewa ɓatan hanya ya yi.

"Lafiya ce ta kawo ni nan?" ya ce. "Nan kake aiki ashe."

"Nan ne, Baba. Ai na taɓa faɗa maka."

"Ban ji ba."

Daga nan Dogo ya ce cikin ladabi, in Baba ya fi so, akwai wani likita da zai zo da yamma. Tela ya auna tafiyar mota biyu, ya auna ciwon da ya hana shi sakewa, ya ce a'a, tunda an zo an zo.

Ya buɗe baki. Dogo ya sunkuyo da madubi, sai Tela ya ji ƙarfen yana ƙwanƙwasa masa haƙora, kas kas kas. Hannun yaron rawa yake yi. Tela ya ɗaga yatsa, likita ya janye.

"Haka kake yi wa kowa?"

"A'a, Baba. Wallahi yau ne kawai."

Tela ya dube shi. Ya zo da tsoronsa, ashe akwai wanda ya fi shi tsoro a ɗakin.

"Saurara," ya ce. "Ranar da aka fara ba ni yadi mai tsada in yanka, mai yadin yana tsaye a kaina, sai da almakashi ya faɗi daga hannuna. Maigidana ya ce, kada ka kalli mai yadi, kalli yadi. To kai ma ka manta da mai bakin. Haƙori ne a gabanka, irin wanda ka saba."

Dogo ya ja numfashi, ya yi 'yar dariya, ya sake sunkuyawa. Wannan karon hannun ya tsaya. Ya duba, ya ɗauki hoto, ya nuna wa Tela inda ramin ya kai, ya ce an yi sa'a bai taɓa jijiya ba, ba sai an cire ba, ciko za a yi. Ya yi masa allurar kashe zafi a dasashi. Da injin ya fara kuka, Tela ya rufe ido yana jiran azaba, sai ya ji ƙarar ma ba ta kai ta kekensa ba idan bel ya saki. Yaron yana aiki yana gaya masa abin da zai yi kafin ya yi, ba gaggawa, ba ɓarna. Tela ya san aikin hannu in ya ji shi, ko da a cikin bakinsa ne.

Da aka gama ya kurkure baki, leɓensa ya yi nauyi kamar na wani. Ya kama hannun rigar Dogo.

"Wannan magana," ya ce, harshe yana harɗewa, "ta tsaya a ɗakin nan."

"Baba, ko ba ka faɗa ba, aikina bai yarda in fitar da maganar mara lafiya ba."

"Ko ga Auta?"

"Musamman ga Auta."

Tela ya gyaɗa kai. A hanyar komawa har ya tsaya ya sayi zare, don kada a ce ya yi ƙarya.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, ya shigo shago ya tarar da Auta tana jera kayanta, Kafinta da mai gyaran wuta suna zaune a benci. Ba tare da kowa ya roƙe shi ba ya je ya zauna a kujerar gindin taga, ya gyara riga.

"To, likita, ga na gida ya zo."

Kafinta ya matso da benci don kada komai ya wuce shi. Auta ta sa safar hannu, ta kunna tocila. Ta fara da na gaba, ta nuna masa a madubi wata 'yar tsaga a bakin haƙori, daidai inda zare yake bi, santsi kamar an goge da dutse. Ta ce irinta take nema, kuma ba ta ga mai kyau kamar wannan ba. Tela ya kalli Kafinta da gefen ido, alamar ka ji dai.

Sannan tocila ta shiga ciki ta hagu, ta daɗe a can. Tela ya ga girar Auta ta ɗaga. Ta matso, ta sake dubawa, kafaɗunta suka fara motsi. Dariya take dannewa.

"Kawu," ta ce wa Kafinta, "don Allah ku ba mu wuri kaɗan, akwai tambayoyin da ake yi a keɓe."

Da suka fita suna gunaguni, ta sauke takunkumi.

"Baba, wannan cikon sabo ne fil."

"Haka ne?"

"Kuma na san hannun. Tare muka yi karatu, shekara da shekaru ina ganin aikinsa. Ba wanda yake ɓata lokaci yana fitar da 'yan kwarin saman matauni kamar mai zanen gini sai mutum ɗaya."

"Shi ya gaya miki?"

"Bai ce mini komai ba. Jiya ma na tambaye shi me ya sa yake ta murmushi shi kaɗai, ya ce yanayi ne ya yi daɗi."

Tela ya ji daɗin wannan fiye da yadda ya zata. Ya sunkuyar da kai yana wasa da tef ɗin awo da ke wuyansa.

Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce akwai tambayar da take yi wa kowa, shi ma sai ya amsa: me ya hana shi zuwa tun da wuri?

Tela ya ce, "Ke kike ta ba mutane labarin wani mutum mai burushi. Ban so ki leƙa ki ga mutumin ya bar rami a bakinsa ba."

"Baba, ni cewa na yi ka koya mini goge baki. Ban taɓa cewa haƙoranka na ƙarfe ba ne." Ta cire safar hannun. "Ka san abin mamaki? Na fara aikin nan ina zaton tsoron ciwo ne yake hana su. Da yawa daga cikin waɗanda na tambaya a layin nan, in an zauna an natsu, abin da ka faɗa suke faɗa. Ba sa son wani ya ga yadda suka bari abin ya kai. Kowa yana zaton shi kaɗai ne."

"Har Kafinta?"

"Ba na fitar da maganar mutane."

"Ku dai likitocin nan bakinku ɗaya," in ji Tela.

Da yamma ya gaya wa matarsa cewa yaron nan Dogo, in ya zo ƙarshen mako, a shigo da shi ciki ya ci abinci, zaman benci ya isa haka. Ta dube shi ta dube shi, ta ce to, ba ta tambayi dalili ba. Ta dai juya tana murmushi, wanda ya sa ya yi zargin labarin ya riga shi isowa gida.

Sirrin bai yi mako ba, kuma ba wanda ya fasa shi sai Tela da kansa. Labari mai daɗi irin wannan ba zai zauna a cikinsa ba. Ya ba Kafinta, ya ba mai gyaran wuta, ya ba wani da ya shigo a sa masa maɓalli kawai. Aka yi masa dariya son rai, shi ma ya taya su.

Bayan an watse ne Kafinta ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce Auta ta gaya masa tun ranar farko akwai haƙorin da ba zai gyaru ba sai an cire, shi kuma tun ranar yake kwana yana tashi da maganar, ko iyalinsa bai gaya wa ba.

Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke. Ba'a ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta.

"Gobe da safe ka rufe shago," ya ce. "Ni zan raka ka."

"Da zafi?"

"Allurar tana da ɗan zafi, kamar cizon tururuwa. Daga nan sai ƙara kawai. In ka ji tsoro ka kama hannuna, amma ka kama na hagu, da na dama nake yanka."

Washegari mutanen layi suka ga su biyun sun nufi tasha, ƙato a gaba yana tafiya kamar wanda za a kai kotu, Tela a bayansa yana ba shi labarin yadda kujerar take kwanciya da kanta.